Babi na Bakwai: Abincin da Ba Ya Barin Shaida

Idan masanin kifi yana son sanin abin da wani kifi yake ci, hanyar da aka gada ita ce a kamo kifin, a farke cikinsa, a zazzage abin da ke tumbinsa a faranti, a zauna da madubin ƙara girma ana tsinta. Za a ga ƙayar ƙaramin kifi, za a ga ɓawon jatan lande. Akwai ma wasu 'yan duwatsu farare da ke cikin kunnen kifi, waɗanda ba sa saurin narkewa, kuma da siffarsu kaɗai gwani zai gaya maka irin kifin da aka haɗiye da kimanin girmansa. Da irin wannan tsintar aka tara mafi yawan abin da aka sani a ƙarni na ashirin game da wanda ke cin wani a teku.

Hanyar ba ta da laifi, sai dai abu mai tauri kawai take gani. Shi kuwa jelifish babu tauri ko kaɗan a jikinsa. Kimanin kashi 95 cikin ɗari na jikinsa ruwa ne. Ba shi da ƙashi, ba shi da zuciya, ba shi da jini, ba shi da ƙwaƙwalwa. Laima ce mai santsi da haske ke ratsawa, tana buɗewa tana rufewa, ga igiyoyi suna reto a ƙarƙashinta ɗauke da dubban ƙananan tsinke masu dafi. Idan ruwa ya watso shi bakin gaɓa rana ta same shi, abin da zai rage ɗan tabo ne a kan rairayi. A cikin tumbi ma haka yake. An gwada a Kanada, aka ciyar da kifin salmon wata halitta mai irin wannan jiki, aka kuma ciyar da shi jatan lande, sai aka tarar ta farkon tana narkewa da sauri fiye da ninki ashirin. Kafin jirgin bincike ya dawo tasha, kafin a fito da tumbin daga ƙanƙara ko daga ruwan magani, ɗan abin da ya saura ya zama majina da ba mai rubuta ta a takarda.

Da haka aka yanke wa jelifish hukunci. Aka ce shi hanya ce da ba ta ɓullewa: yana ci, ba a cin sa, duk abin da ya shiga cikinsa ya fita daga sarƙar abinci ke nan. Masunta ba su yi gardama ba, don su abin da suka sani game da shi ƙaiƙayi ne da yagewar taru.

Rabin farko na hukuncin gaskiya ne, yana ci kam. Abincin teku daga ƙananan tsirrai yake farawa, waɗanda ido ba ya gani, suna shawagi a saman ruwa inda rana ke kaiwa. Wasu 'yan ƙwari masu ɓawo, da yawansu milimita ɗaya ko biyu ne, suna kiwo a kansu. Ƙananan kifaye irin su sadin da ancobi suna cin ƙwarin, manyan kifaye da tsuntsaye kuma suna cin sadin. Jelifish a akushi ɗaya yake sa hannu da sadin, kuma bai tsaya nan ba, yana haɗawa da ƙwan kifin da 'ya'yansa da suka ƙyanƙyashe. Kifi da ido yake farauta. Jelifish ba ya bukatar ganin komai, iyakarsa ya buga laimarsa ruwa ya ratsa ta cikin igiyoyinsa, duk abin da ya taɓa su ya kamu. Saboda haka duhu ko gurɓacewar ruwa ba sa hana shi kiwo, kuma yana jure ƙarancin iskar oksijin fiye da yawancin kifaye. Girman jikinsa ma arha yake samun sa, tunda da ruwa yake cika shi.

Haihuwarsa ita ce ke sa ya bayyana kwatsam. Irin wanda muke gani yana iyo rabin rayuwar ne kawai. Ƙwansa yana zama wani ɗan abu mai kama da tsiro mai suna folif, da ke manne wa dutse, ko ƙafar gada, ko ƙarƙashin tashar jiragen ruwa, ya zauna a nan shekara da shekaru yana tsirar da 'yan'uwansa. Idan yanayin ruwa ya yi masa daidai, sai ya yayyanka kansa faifai-faifai, kowane yanki ya ɓalle ya zama sabon jelifish. Tekun da babu ko ɗaya a watan jiya sai a wayi gari ya cika maƙil. Wannan zuri'a ta haura shekara miliyan 500 a duniya, ta riga kifi mai muƙamuƙi zuwa. Tana ma da 'yan'uwa a ruwan daɗi: akwai wani ƙarami mai suna Limnocnida, wanda da ƙyar yake wuce santimita biyu, da aka fara bayyanawa daga tafkin Tanganyika, aka same shi a kogin Neja, kuma a 1960 wani masani mai suna J. Green ya wallafa bayani a kansa daga Gulbin Sakkwato.

Rabi na biyu na hukuncin, wato ba a cin sa, shi ne ya rushe. Tun can dama akwai wanda kowa ya yarda yana cin sa, kunkurun teku mai bayan fata, mafi girman kunkuru a duniya, wanda ke iya haura kilo 500. Wurin da matansa suka fi taruwa yin ƙwai a duniya gaɓar Gabon ce. Wannan dabba kusan ba ta cin komai sai jelifish, kuma an halitta mata maƙogwaro na musamman: daga baki har tumbi jere yake da ƙayoyi masu kallon ciki, don idan ta amayar da ruwan gishirin da ta haɗiya, naman mai santsi ba zai biyo ba. Masu bincike a gaɓar Noba Skoshiya ta Kanada sun liƙa wa kunkuru 19 kyamara a baya, suka wallafa abin da suka gani a 2012. A hoton, kan kunkurun ne a gaba yana kaɗawa cikin koren ruwa, sai wani jan jelifish mai gashi buzu-buzu ya bayyana, kunkurun ya nufe shi ba gaggawa, ya kafa baki, ya yi ta yaga har ya ƙare, ya wuce na gaba. Duk wanda ya nufa sai ya ci shi, tunda abincin ba ya gudu. Da suka yi lissafi, sai suka ga kunkuru ɗaya yana cin kimanin kilo 330 a yini, kusan kashi 73 cikin ɗari na nauyin jikinsa, wani ma yakan kai kilo 840.

Dole ya ci da yawa haka, domin cin jelifish kamar shan tsinkakken koko ne, sai an cika ciki an sake cikawa kafin a ji an ci wani abu. Kuzarin da ke cikin kilo ɗaya na sadin sai an tara kilo gommai na jelifish kafin a same shi. Wannan dogaro kuma shi ne ya zame wa kunkurun masifa a zamanin leda, don farar leda mai shawagi a ruwa ba ta da maraba da abincinsa, ƙayoyin maƙogwaron nan kuma ba sa barin abu ya dawo. Wani nazari na 2009 da ya tattara bayanan gawarwaki 408 ya samu roba a cikin kusan kashi ɗaya bisa uku.

An daɗe ana ɗaukar kunkurun a matsayin bare, shi da wani ƙaton kifi mai faɗi da ake kira mola. Sai kyamarori suka ƙanƙance har aka iya ɗaura wa tsuntsu. Wani masani mai suna Jean-Baptiste Thiebot da abokan aikinsa suka ɗaura su a bayan tsuntsayen fengwin 106 na jinsi huɗu a tekunan kudancin duniya, suka tara hoton sama da sa'a 350. A rahotonsu na 2017 sun ƙirga kusan sau 200 da fengwin ya kai wa jelifish cafka, har a wuraren da kifi da jatan lande ba su yi ƙaranci ba. A wannan shekarar kuma Julie McInnes da tawagarta suka bi wata hanyar: suka kwashi kashin tsuntsun albataros a tsibirai, suka nemi sawun DNA a ciki. Suka sami na jelifish a kashi 42 cikin ɗari na samfuran, alhali tsohuwar hanyar binciken tumbi kusan ba ta taɓa nuna shi ba. Daga Bahar Rum aka kawo shaidar cewa manyan kifayen kasuwa irin su tuna suna ci. A zurfin teku an ɗauki hoton wata ƙatuwar dorinar teku rungume da jelifish. A 2018 Graeme Hays da Thomas Doyle da Jonathan Houghton suka tattara waɗannan sakamako wuri guda, suka ce lokaci ya yi da za a sake zanen sarƙar abincin teku.

Me zai sa tsuntsu mai iya kama kifi ya tsaya kan abinci marar maiƙo? Kifi sai an bi shi da gudu, an ƙona kuzari, wani lokaci a tashi a tutar babu. Jelifish yana nan yana jira, kuma yana narkewa nan take, ciki ya sake samun wuri. Masu cin nasa kuma ba wawaye ba ne, sukan bar laimar su nufi ƙwayayen haihuwa da hannayen baki, inda ɗan abin kirkin yake. Ga kuma ƙari a kai. 'Ya'yan kifi da yawa suna fakewa cikin igiyoyin jelifish don gudun manya, kuma bincike a Tekun Arewa na Turai ya nuna 'ya'yan wani farin kifi sun fi tsira a shekarun da jelifish ya yawaita. Tsuntsaye sun gane wannan maɓoya. A tekun Bering an ga wasu tsuntsaye masu nutso suna bin jelifish ɗaya bayan ɗaya suna tsince 'yan kifin da ke ƙarƙashinsa.

Wanda ba a ci da rai ba, ana cin gawarsa. A 2014 Andrew Sweetman ya ba da rahoton gwajin da suka yi a wani zuzzurfan mashigin teku na Norway mai suna Sognefjord. Suka ɗaure matattun jelifish a faranti, suka saukar da su mita 1,250 tare da kyamara. Cikin mintuna masu cin mushe suka fara isowa, wasu dogayen kifaye marasa muƙamuƙi masu yauƙi, da ƙaguwa, da jatan lande. Cikin kimanin sa'a biyu da rabi an share farantin. Wannan ya bayyana abin da ya sa ba a cika ganin gawar jelifish a ƙasan teku ba, ba ta daɗewa ne. Amma idan ta yi yawa takan fi ƙarfin masu ci. A ƙarshen 2002, a gaɓar Oman, kyamarori sun nuna gawarwaki shimfiɗe a ƙasan teku har zurfin da ya haura mita 3,000, wasu wuraren sun taru sun zama ruɓaɓɓen kwiɓi.

Mutum ma yana cikin masu ci. A Sin an fi shekara dubu ana sarrafa shi da gishiri da alif har ruwan ya tsane, ya zama wani abu mai garas-garas da ake yankawa siriri a zuba masa man riɗi. Kasuwar ta kai har Sinawa suna ƙyanƙyasar 'ya'yansa suna sakewa a mashigin Liaodong tun shekarun 1980, masuntan jihar Jojiya ta Amurka kuma suna kama wani iri suna aikawa Asiya.

To idan kowa yana ci, me ya kawo tsoron da ake yi masa? Tsoron yana da dalili. A farkon shekarun 1980 wata halitta mai suna Mnemiopsis, wadda ba jelifish ce ta ainihi ba amma jikinsu da cinsu iri ɗaya ne, ta shigo Bahar Aswad daga gaɓar Amurka cikin ruwan da jiragen dakon kaya ke ɗiba don daidaita nauyi. Ta tarar da tekun da aka riga aka gajiyar da shi da yawan kamun kifi da taki. Zuwa 1989 ta cika shi, kamun ancobi ya faɗi warwas, kuma abin bai lafa ba sai da wata 'yar'uwarta mai cin ta, Beroe, ta iso a 1997. A Japan, ƙaton jelifish na Nomura, mai faɗin mita biyu da nauyin kilo 200, ya kifar da jirgin masunta mai tan goma a 2009 lokacin da ake jan tarun da ya cika da shi. A 2013 an kashe wani injin tashar nukiliya ta Oskarshamn a Suwidin saboda jelifish ya toshe bututun ruwan sanyaya shi. Irin waɗannan labarai suna da daɗin bugawa a jarida, shi ya sa aka yi ta cewa jelifish zai gaje teku. Ni dai ina ganin an yi azarɓaɓi. Da Robert Condon da abokansa suka haɗa bayanan shekaru masu yawa a 2013, abin da suka gani hawa da sauka ne, kusan duk shekara ashirin. Wurare ne ɗaiɗaiku suka canza da gaske, kuma wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa yana Afirka.

A gaɓar Namibiya iska tana tura ruwan sama zuwa tsakiyar teku, ruwan sanyi mai taki yana tasowa daga ƙasa ya maye gurbinsa. Wannan shi ne yankin Benguela, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi albarkar kifi a duniya. A shekarun 1960 an ƙiyasta sadin da ke wurin ya kai kimanin tan miliyan 10. Ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Afirka ta Kudu a lokacin, kuma ban da masana'antun gwangwani na Walvis Bay, an kawo manyan jirage masu masana'anta a ciki suna niƙa kifin ya zama garin abincin dabbobi. A 1968 kaɗai an kwashe kusan tan miliyan 1.4. Bayan 'yan shekaru kamun ya rushe, ya ɗan farfaɗo, ya sake rushewa a ƙarshen shekarun 1970. Da Namibiya ta sami 'yanci a 1990, ragowar ta gada.

Abincin da sadin ya bari bai zauna banza ba. Jirgin bincike da ya auna yankin a 2003 ya ba da lissafin da Christopher Lynam ya wallafa a 2006: jelifish tan miliyan 12.2, kifi tan miliyan 3.6. Lissafin nauyin ɗanye ne, yawancinsa ruwa, amma duk da haka ya nuna inda abinci ya karkata. Kuma da zarar ya karkata, komawa tana da wuya, tunda jelifish yana cin ƙwan kifin da zai zo ya yi gogayya da shi. Tsirran da ba a kiwata ba suna mutuwa su nutse, su ruɓe a ƙasa, su shanye iskar oksijin, taɓon ya riƙa fitar da iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Lokaci-lokaci iskar takan taso, ruwan gaɓa ya koma fari-fari mai shuɗi har tauraron ɗan'adam ya hango, mutanen garuruwan bakin teku su ji warin a cikin gidajensu. Wannan tashin iska ya girmi rushewar sadin, amma wasu masana suna ganin rashin sadin ya ƙara masa ƙarfi.

A wannan ruwa da ya kamata ya kashe kifi, wani ɗan kifi ya bunƙasa. Sunansa gobi mai gemu, tsawonsa bai cika wuce santimita 15 ba. Anne Utne-Palm ta Jami'ar Bergen da abokan aikinta na Namibiya da Afirka ta Kudu sun bi diddiginsa, suka wallafa a mujallar Science a 2010. Da rana gobin yana kwance a kan taɓon nan mai guba, inda babu iskar da za ta riƙe manyan kifayen da ke farautarsa. Yana iya yin sa'o'i a haka, kuma ko a lokacin a farke yake, idan an taɓa shi zai zabura. Yana haɗiyar taɓon ma, da matattun tsirrai da tsutsotsin da ke ciki. Da dare sai ya taso sama inda iska take, ya farfaɗo, ya narkar da abin da ya ci, ya shiga cikin garken jelifish. A gwajin da aka yi a tanki, kifin makarel mai farautarsa yana kauce wa jelifish, shi kuwa gobi yana ratsa igiyoyin ko a jikinsa. Awon sinadaran namansa ya nuna jelifish yana ba shi daga kusan kashi ɗaya bisa biyar har zuwa fiye da rabin abincinsa. Shi kuma gobin, duk da dabarunsa, shi ne yanzu abincin kifin hek, da makarel, da dabbobin sil, da tsuntsayen gaɓar. Abin da ya shiga jelifish da abin da ya nutse cikin taɓo, dukansu suna dawowa ta bakin wannan ɗan kifi.

An yi murna da wannan labari, har wasu suka ɗauke shi shaidar cewa teku yana gyara kansa. A nan ne nake rabuwa da su. Gaskiya ne hanyar ta ɓulle, amma ta yi zagaye, kuma a kowane mataki na sarƙar abinci mafi yawan kuzarin yana zubewa. A da, daga tsiro sai sadin sai tsuntsu, ko a tsakani a ratsa ta ƙwaro ɗaya. Yanzu sai an bi ta ƙwaro, a bi ta jelifish, a bi ta gobi. Abin da ke isa bakin tsuntsu kuma ba shi da maiƙon sadin. A tsibirin Mercury, inda fengwin ɗin Afirka suka fi yawa a Namibiya a lokacin, binciken da aka wallafa a 2010 ya tarar gobi ne mafi yawan abincinsu, kuma masu binciken da kansu sun kira shi abinci marar amfani. Da babu gara ba daɗi, amma iyayen da ke ciyar da 'ya'ya da shi sai sun ƙara nutso kafin su tara abin da sadin kaɗan zai bayar. Fengwin da tsuntsun ganet na Namibiya sun ragu ƙwarai tun shekarun 1950, kuma a 2024 ƙungiyar IUCN ta sa fengwin ɗin Afirka a jerin halittun da ke dab da ƙarewa.

Jean-Paul Roux, wanda ya daɗe yana aiki a gaɓar Namibiya, ya kwatanta arewacin Benguela da kudancinsa a 2013. A ɓangaren Afirka ta Kudu ma sadin ya taɓa rushewa a shekarun 1960, amma ancobi ya cike gurbin, aka kuma riƙa taƙaita kamu bisa awon da ake yi duk shekara, jelifish bai mamaye ba. A arewa an matsa wa sadin da ancobi gaba ɗaya, ba a bar wanda zai riƙe akushin ba. Gwamnatin Namibiya ta hana kamun sadin baki ɗaya daga 2018, shekara hamsin cif bayan kamun 1968. An tsara hanin na shekara uku ne, da wa'adin ya cika awo ya nuna kifin bai dawo ba, aka tsawaita shi.